Zanen Zumuntar Kaka

Shafi na 9

Masu cika min waya da saƙo tun asuba, "Comfort ina ci gaba? Comfort kin mutu ne?" Ban mutu ba, wutar layinmu ce ta mutu kwana biyu. Ga shi nan, ku sarara min haka.

Wanda yau ya shigo, bari in kama masa hannu. Mu huɗu ne muke haɗa fim ɗin kammala karatu. Ni ce mai riƙe kyamara. Diana ita ta rubuta labarin, ita ce darakta, ita ce kuma yarinyar da ake sacewa. Binta 'yar Tudun Wada ita ce tsohuwar mayya, uwar 'yan ta'adda. Haruna shi ne jarumi, Sufeto mai ceto, kuma saboda ba mu da mutane, in ya rufe fuska shi ne ɓarawon ma.

Ranar Litinin ƙarfe sha biyu Malam Jethro, mai duba aikinmu, zai rufe ƙofar ofishinsa. Wanda bai miƙa fim ba, sai baɗi. Kuma ya ce labarin da ya sa wa hannu, ko layi ɗaya kar a taɓa.

To, ranar Alhamis ce da la'asar, fitowa ɗaya tak ta rage mana, inda ake sace Diana. Muka zaɓi layin bayan gidan kakarta a Unguwar Boro.

Na ce, "Diana, mu faɗa wa mutanen layin nan tukuna."

Ta ce, "In mun faɗa yara za su cika wurin suna ɗaga wa kyamara hannu. So nake ya fito kamar gaske."

Ya kuwa fito.

Na laɓe bayan buhunan mai gawayi da kyamarata. Can ƙarshen layi, gindin mangwaro, Binta ta duƙa da sanda, ta baɗe kanta da garin rogo ya zama furfura, ta ɗaura wani koɗaɗɗen zani da Diana ta kawo mata. Aikinta ta karɓi yarinya ta yi dariyar mugunta.

Diana ta ce, "Akshin!" sannan ta hau tafiyar yanga kamar ba ita ta faɗa ba.

Haruna ya shararo da keke-napep ɗin yayansa, ya ci burki, ya diro da baƙar hula har wuya da bindigar roba. Ya cafki hannunta.

"Wayyo Allah! Jama'a ku taimake ni! Za su tafi da ni!"

Kai, Diana ta iya ihu. Har tsigar jikina ta tashi.

Abin da dukanmu muka manta, mu masu ilimi, shi ne ranar Alhamis ƙarfe huɗu da rabi matan zumuntar coci suke tashi daga koyon waƙa. Kuma ta layin nan suke bi.

Tun ɗazu ina jin waƙarsu daga nesa, da tulun kiɗa da kacau-kacau. Sai na ji waƙar ta ɗauke ɗif.

Wata murya ta ce, "Yesu! Jikar Damaris ce!"

Jama'a, ban taɓa sanin mace mai shekara sittin tana gudu haka ba. Suka ɓullo ta kwana, takalma a hannu, zani iri ɗaya, sun fi ashirin. A gabansu Mama Damaris, kakar Diana, shugabar zumunta, shekara sittin da takwas, wadda kullum take ce mana gwiwa ta hana ta sakat.

"Juliana, makullin keke! Ku uku ku tare bakin layi! Sauran ku biyo ni!"

Kafin in miƙe, Mama Juliana, mataimakiyarta, ta zare makulli ta jefa cikin rigarta. Wasu sun jawo bencin mai gawayi sun gindaya a hanya. Wata ta fizge Diana ta tura ta bayanta. Kaka kuwa ta bayan Haruna ta zagaya, ta damƙi bel ɗinsa, ta sa masa ƙafa, sai ga Sufeto a ƙasa timm!

Ina ta ihu, "Kat! Kat! Fim ne!" Wa zai ji ni?

Igiyar da muka kawo don a ɗaure Diana, da ita aka ɗaure Haruna. Shekara ashirin da biyu Kaka ta yi tana ɗaure dilar atamfa a masaƙa a Kakuri. Zagaye biyu, ja ɗaya, ƙulli. Ko yatsa ya kasa motsawa.

"Mama! Mama, don girman Allah! Ɗalibi ne ni! Bindigar roba ce, ku taɓa ku ji!"

Mama Juliana ta ɗaga tulun kiɗa sama da kansa. "Rufe mana baki, mugu!"

Diana ta kutso tana haki. "Kaka! Ku tsaya! Haruna ne! Fim muke yi!"

Kaka ta cire masa hular. Ta kalle shi, ta ƙara kallo.

"Kai! Ba kai ne kake zuwa kana cinye min faten acca ba?"

"Ni ne, Mama."

"Har da ƙari?"

"Har da ƙari, Mama."

Wata ce ta fara fashewa, sai layi gaba ɗaya ya ɗauka. Mama Juliana ta ajiye tulu ta zauna a kan benci tana riƙe ciki, hawaye na zuba. Mai gawayi har da buga ƙafa. Haruna yana kwance kamar ragon da aka kai kasuwa, shi ma yana yaƙe.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba.

Kaka ta ce, "Diana, zo nan."

Diana ta matso.

"A unguwar nan, ihun 'ku taimake ni' ba abin wasa ba ne. Kin san gidaje nawa a layin nan suka ji shi da gaske. Da na ji muryarki, ƙafafuna ne kawai suke gudu, zuciyata ta riga ta tsaya."

"Ki yi haƙuri, Kaka."

Na ɗauka an gama. Ashe yanzu aka fara.

Ita Binta, tun da ta ga abin da ya sami Haruna, ta miƙe bayanta tsaf, tsufa ya warke, tana saɗaɗawa ta bayan mangwaro. Sai idon Mama Juliana ya kai.

"Wace ce waccan a cikin zanenmu?"

Aka juya gaba ɗaya.

Binta ta dawo a hankali, garin rogo na zuba mata a ido. "Sannunku, Mama. Ina wuninku."

Kaka ta kama bakin zanen ta murza. Akwai wani ɗan faci a gefe, ɗinkin hannu da baƙin zare. Ta daɗe tana kallon sa.

"Sati biyu ina neman zanen nan. Wa ya ba ki?"

Binta ta kalli Diana. Diana ta kalli ƙasa.

"A ƙasan akwatinki na gani, Kaka. Na ga ya tsufa, na ɗauka ba kya..."

"Ita wannan da ta ɗaura shi, mece ce a fim ɗin naku?"

Diana ta hau wasa da yatsunta.

"Da ke nake."

Haruna ne ya amsa daga ƙasa, shi da ba a tambaya ba. "Mayya ce, Mama."

Wayyo, Haruna! Da na san haka da na ce a ɗaure har da bakin.

Kaka ta ce, "Ku kwance shi. Ku shige gida dukanku. Ke mai kyamara, ki taho da komai, so nake in ga fim ɗin nan da idona."

Aka yi ta fama da ƙullin, ya ƙi. Sai da ta dawo da kanta ta ja bakin igiya sau ɗaya, ya warware.

*

A tsakar gida aka baza tabarmi. Na sa katin kyamara a kwamfutar Diana, na ɗora ta a kan turmi da aka kifa. Duk wahalarmu ta wata biyu tana cikin ɗan katin nan da bai kai farcen babban yatsa ba, kuma ba mu kwafe shi ko'ina ba. Kar ku zage ni, na riga na zagi kaina.

Da na danna, abin da ya fara fitowa shi ne na yanzun nan. Ashe da na ruga, a kan buhun gawayi na bar kyamara tana ɗauka.

Tsakar gida ta kaure.

"Ga ni can! Ga ni can!"

"Ke Juliana, haka kike gudu? Kamar agwagwa!"

"Agwagwar ce ta cire makulli ai!"

"Yarinya, mayar da shi baya, wurin da Damaris ta sa masa ƙafa!"

Sau huɗu ina mayarwa. Duk sanda Haruna ya faɗi sai su yi guɗa, wata ta buga tulu. Haruna ya rufe fuska da hular da aka cire masa. Ni kuwa a raina na ce, wata biyu muna ɗauka ba mu taɓa samun fitowa mai rai irin wannan ba.

Kaka ta ce, "To, a nuna mana sauran."

Na nuna.

Ga Diana tana ihu a ɗaki. Ga Diana tana gudu ta faɗi. Ga Diana tana kuka a ɗaure. Ga Haruna da baƙin gilashi yana nazari. Ga Haruna yana tsallake katanga. Sai ga Binta, a duƙe, cikin zanen zumunta, tana kaɗa ƙwarya tana cewa a kawo mata jinin budurwa.

Dariya ta mutu. Mama Juliana ta ce, "Tir."

Kaka ta gyara zama.

"Diana, ke kika rubuta?"

"Ni ce, Kaka."

"Yarinyar nan, ban da ihu, me take yi?"

"Tana... tana jiran a cece ta."

"Tsohuwar fa?"

"Ita ce muguwar."

"Wata tsohuwar babu?"

"Akwai uwar yarinyar. Binta ce ita ma. Tana kuka a fitowa ta biyu."

"Sai me?"

"Sai ta suma."

"Madalla. Yarinya ta yi ihu, tsohuwa ta ci mutane ko ta suma. Shi kuma wannan mai cin faten?"

"Shi ne yake gano komai."

Duk suka juya suka kalli Haruna. Ya ce, "Ni ma ba ni na rubuta ba, Mama."

Diana ta ɗago, abin ya ɗan taɓa ta. "Kaka, haka ake yi fa. Finafinan 'yan ajin bara guda takwas muka kalla, duk haka suke. Fim ɗin tsoro dole a sami yarinyar da za a tausaya wa, da tsohuwar da za a ji tsoro. Malam Jethro ma ya karanta ya sa hannu."

"Malamin naku yana da uwa?"

"Kaka!"

"Tambaya na yi. To bari in yi wata. Ɗazu da kika yi ihu, wa ya zo?"

Kaka ba ta jira amsa ba.

"Samari nawa ne a shagon caji a bakin layi? Na gan su, waya suka ɗaga suna ɗauka. Wa ya cire makulli? Wa ya tare hanya? Ke a gidan nan kika girma. Kin taɓa ganin an yi gobara ko haihuwa ko rasuwa a layin nan, tsofaffin nan suka tsaya suna suma?"

"A'a."

"To a ina kika samo waccan tsohuwar? Don ni ban san ta ba."

Binta ta kwance zanen tun ɗazu, ta ninke, ta zo ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu. "Mama, wallahi ban san na ibada ba ne. Da na sani ko taɓa shi ba zan yi ba."

"Na sani, 'yata. Tashi ki wanke kanki, kin zama kamar ƙosan da ba a soya ba."

Aka ɗan yi dariya. Kaka ta ɗora zanen a cinya tana shafa shi.

"Shekarar da aka rufe masaƙa, a shekarar kakanki ya rasu. Wata biyar ban leƙa ƙofar gida ba. Wata Alhamis matan nan suka shigo, Juliana ce a gaba. Ba su ce min ci kanki ba. Suka tashe ni tsaye, suka ɗaura min zanen nan, suka ja ni har coci ina kuka suna waƙa."

Mama Juliana ta share ido da bakin ɗankwali.

"Facin nan kuma, kina da shekara biyu zazzaɓi ya so ya tafi da ke. Uwarki tana wurin aiki a Kudenda. Da shi na goya ki, a ƙafa, har asibiti. Ƙusar ƙofar asibitin ce ta yage shi."

Diana ta zube a gabanta. Kukan nan ba irin na fim ba ne, ba shi da ƙara ko kaɗan.

"Kaka, ban sani ba."

"Ba ki tambaya ba."

Kaka ta miƙo min hannu. "Ke Comfort. Ciro min abin da fim ɗin yake ciki."

Na ce, "Mama, Litinin za mu..."

"Ciro."

Na ciro. Ta karɓa, ta ƙulle shi a haɓar zaninta da irin ƙullin da ta yi wa Haruna. Ta ɗauki takardun labarin da ke kan kujera, ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Matan suka watse ɗaya bayan ɗaya. Mu huɗu muka zauna muna kallon turmi.

Haruna ya ce, "Shi ke nan, sai baɗi."

Binta ta ce, "Kai dai ka yi shiru. Bakinka ne ya ja mana."

Mama Juliana kuwa ta tafi gida da makullin keke a rigarta, sai da aka bi ta.

*

Washegari Juma'a ƙarfe bakwai na safe muka haɗu a bakin layi, ni da Binta da Haruna, za mu je ba da haƙuri. Haruna ya riƙo burodi babba. Mun shirya har wanda zai fara durƙusawa.

Tun daga nesa muka ji tulu.

Muka tura ƙofa, muka tsaya turus.

Tsakar gida cike. Na ƙirga, mata ashirin da bakwai, kowa cikin zanen zumunta an sha guga, wasu har da jan baki. Mama Juliana ta sa gilashin rana na jikanta. Diana tana tsaye a ƙofar kicin, ido a kumbure, da gani ita ma yanzu ta fito ta tarar.

Kaka tana kan kujera a tsakiya, tabarau a karan hanci, takardunmu a hannu. Kuma ba sabon zani ta ɗaura ba. Tsohon ne, mai faci.

"Kun iso? Diana, zo."

Ta kwance haɓar zani, ta ciro katin, ta sa mata a tafin hannu ta rufe da nata.

"Ga abinki. Ban goya ki har asibiti don in cinye miki shekara ba. Ki kai musu mayyarki ranar Litinin, ba zan ce komai ba. Illa dai ba da zanena ba."

"Kaka..."

"Ban gama ba. Na karanta takardunki tas. Kin iya rubutu, 'yar nan, har na ji tsoro a wuri biyu. Mutanen ne kawai ba ki sani ba. To ga mutane na kawo miki. In kina so, muna nan har Lahadi bayan sujada a coci. In ba kya so, mu sha shayi da burodin Haruna mu watse."

Na matsa kusa da Diana na rage murya. "Ke, ki yi tunani. Kwana uku ne. Kuma Malam ya ce ko layi ɗaya kar a taɓa."

Binta ta ce, "Za mu iya sake ɗaukar wurin mayyar da wani zani, a wuce wurin."

Diana ta kalli katin. Ta kalli matan. Ta kalli facin nan.

Sai ta karɓi takardun daga hannun Kaka, ta zare biro daga gashinta, ta ja layi tun daga saman shafin farko har ƙasa.

"Comfort, wancan da kyamara ta ɗauka jiya, shi ne ƙarshen fim. Yanzu farkonsa za mu nema."

Na ce, "Kin haukace."

"Na sani. Binta, wanke garin rogo ya ƙare, ke ce 'yar jarida. Mama Juliana, ke ce mai lura da duk keken da ya shigo layi."

"Dama aikina ne!"

"Kaka, ke ce mai bincike."

Kaka ta gyara tabarau. "Sai dai ba na tsallake katanga. Ta ƙofa nake shiga, a gaishe ni."

Haruna ya ɗaga hannu da burodi. "Ni fa? Sufeton fa?"

Diana ta yi murmushin farko tun jiya. "Babu Sufeto. In ka rufe fuska kai ne ɓarawo. In ka buɗe, kai za a sace."

"Ni? Namiji guda?"

Mama Juliana ta ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana. Mun ji ihunka jiya, ka fi Diana iyawa."

Guɗa ta tashi, tulu ya ɗauka, har Binta ta shiga rawa. Ni ma na saɓa kyamara ina dariya.

Diana ta hau kan turmi ta ɗaga hannu. "Kowa ya tsaya a wurinsa! In na ce akshin..."

Sai wayarta ta yi ƙara.

Ta duba. Na ga fuskarta ta sauya. Ta juyo min da wayar.

Malam Jethro.

Ta ɗauka, ta sa a lasifika. Matan suka matso kusa.

"Diana! Wane bidiyo ne nake gani yana yawo tun jiya, an ɗaure ɗalibina a ƙasa kamar akuya? Wannan yana cikin labarin da na sa wa hannu? Ki ba ni amsa yanzu, in ba haka ba kar ma ku wahalar da kanku zuwa ranar Litinin!"

Diana ta juya ta kalli Kaka.

Kaka ta miƙe a hankali, ta gyara ɗaurin tsohon zaninta, ta miƙa hannu.

"Ba ni shi."

"Kaka, don Allah..."

Ta karɓe wayar, ta kai ta daidai bakinta.

"Ina kwana, Malam. Damaris ce, wadda ta ɗaure shi. Kafin ka ce komai, tambaya ɗaya gare ni. Kana da uwa?"